Aljani ne ko hadimi?

Wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ya sayo tsohuwar laftof a Sabon Gari, irin wadda batirinta ba ya kai minti goma. Ya ajiye ta a ɗakinsa na haya a Samaru tana riƙe masa wata 'yar manhaja da ya rubuta. Duk sanda aka ɗauke wuta ya sake kunna ta, na'ura ta tashi, manhaja kuwa tana kwance abinta. Ya buga systemctl kamar yadda ya saba a Ubuntu, allo ya ce bai san zancen ba, don Alpine ya ɗora, ita kuma da OpenRC take tashi. Na ce me ya faru, ya ce, "Yaya, aljanina ne ya ƙi tashi."

Bai yi ƙarya ba. Manhajar da ke aiki a ɓoye, ba ta jiran kowa ya taɓa ta, daemon ake ce mata, kamar a ce aljani. Masana a MIT ta Amurka ne suka raɗa sunan a 1963, suna aiki da IBM 7094. Sun aro shi daga wani ɗan halitta da James Clerk Maxwell ya ƙaga a 1867, mai tsaron ƙofa yana tace ƙwayoyin iska, masu sauri nan, masu nawa can, ba ya gajiya. A wurin Girkawan da, kalmar ba ta nufin shaiɗan. Da wani malamin zaure a birnin Zariya aka tambaya, rauhani zai ce. Harafin d da ke wutsiyar sshd da crond da httpd, lambar gidansu ce.

Mai tayar da su shi ne init, gutsuren kalmar da ke nufin farawa. Shi ke fara tashi, lambarsa 1, kowa daga tsatsonsa ya fito. Kalmomin wannan fanni duk na zumunta ne da makoki: akwai mahaifi, akwai ɗa, akwai maraya, har da fatalwa, wato wanda ya mutu amma ba a share sunansa daga rajista ba. A tsohon tsarin System V, wanda AT&T ya fitar a 1983 (V ɗin biyar ce ta Rumawa, ba harafi ba), dabarar ɓuya abin tausayi ce. Manhaja za ta haifi ɗa, ta mutu da gangan, ɗan ya zama maraya, init ya ɗauke shi riƙo. Sai marayan ya rubuta lambarsa a wani fayil don a san inda za a same shi.

A 2010 Lennart Poettering na Red Hat da Kay Sievers suka fito da systemd, sabon init mai umarnin systemctl. Mutanen Maraɗi za su fi mu jin daɗin sunan, don a Faransanci Système D na nufin buga-buga, a yi dabara a fita. Debian ta karɓe shi a 2015, waɗanda suka ƙi suka ɓalle suka kafa Devuan. Shi systemd ba ya son ɓuya. Ya fi son manhaja ta tsaya a gabansa yana kallonta, in ta faɗi ya tayar da ita idan an umarce shi. In ta yi tsohuwar dabarar maraici ba a rubuta masa Type=forking ba, sai ya ɗauka aiki ya ƙare, ya bi ɗan ma ya kashe.

Nan ƙanena ya maƙale, amma ta ɗaya ɓangaren. Manhajarsa tarbiyyar systemd gare ta, tsayawa take yi a gaba. OpenRC kuwa jira yake ta ɓuya da kanta. Layi biyu suka raba gardama a fayil ɗinta da ke cikin /etc/init.d: ɗaya na cewa a tura ta baya, ɗaya na nuna inda za a ajiye lambarta. Sannan rc-update add, don ta riƙa tashi tare da na'ura.

Ni dai hadimi nake so mu ce. Windows da systemd duk service suke kiran abin, hidima ke nan, kuma wanda ke tsaye gaban maigida ana aikensa ana duba shi ya fi kama da hadimi. Na faɗa wa ƙanena haka muna shan shayi a bakin titin Sakkwato. Ya ce nasa dai tunda an tura shi baya ba a ganinsa, aljani ne.