Fanshon Babanmu: Maryland ko Kano?

Babanmu ya daɗe yana tuƙin tasi a Washington, kullum maganarsa ɗaya: "In na tsufa, Kano zan koma."

A zamanin kakanmu gona da 'ya'ya su ne fansho. Nan Amurka kuwa, a 1935 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar Social Security, amma kuɗinta ba sa riƙe tsoho su kaɗai. Bisa lissafin William Bengen na 1994, sai ka tara ninki 25 na abin da kake kashewa a shekara. A Maryland wannan dukiya ce babba, a Kano kuwa dala tana da auki. Sai dai Medicare ba ya biyan asibitin Kano.

To wa zai sayi maganin Baba? Mu ne dai, 'yan'uwa.