Zebra Midge

Zebra Midge koto ne na jabu da masu fatsa ke ɗaurawa a jikin ƙugiya don kama kifin tiraut, mai son ruwan sanyi. Ana danganta ƙirƙirarsa ga Ted Welling, jagoran masunta a Lees Ferry da ke bakin Kogin Kolorado a jihar Arizona ta Amurka, wajen shekarar 1996.

Abin da yake kwaikwayo shi ne ɗan ƙwaron dangin Chironomidae, mai kama da sauro amma ba ya cizo, a lokacin da ya bar matakin tsutsa bai kai ga fiffike ba. A sannan yakan taso daga ƙasan ruwa sannu a hankali, ba shi da hanyar tsira, kifi kuwa ya yi ta lamushewa. Ko a tsakiyar hunturu, da sauran ƙwari suka yi ƙaranci, wannan yana nan.

Kayan haɗinsa kaɗan ne: ƙaramar ƙugiya mai lamba 16 zuwa 22, baƙin zare, siririyar waya mai launin azurfa, da ɗan ƙwallon ƙarfe mai huji. Ana zura ƙwallon har wuyan ƙugiya don ya ba ta nauyi, a naɗe jikinta da zare siriri daga baya yana ɗan kauri zuwa gaba, sannan a zagaya wayar da tazara daidai ta fitar da zane-zanen jikin, a ƙulle a bayan ƙwallon. Gwaninta tana wajen rage zare, domin jiki in ya yi kauri kamannin sun ɓace. Wasu sukan yi shi da jan zare ko ruwan ƙasa.