Tarihin Ban Dariya a Birnin Kano, Daga Tashe Zuwa Hoton Gida

Cikin watan Nuwamba na shekarar 1989 gidan talabijin na ABC a ƙasar Amurka ya nuna wani shiri wanda ba 'yan wasa suka tsara shi ba. Jama'ar gari aka roƙa su aiko da kaset ɗin bidiyo da suka ɗauka a gidajensu, inda wani abin dariya ya auku ba da nufi ba, kamar ango ya zame ran biki, ko yaro ya kifar da abinci a jikin ubansa, ko kyanwa ta faɗa ruwa. Aka sa wa shirin suna America's Funniest Home Videos, watau hotunan gida mafiya ban dariya na Amurka. Da aka ga ya karɓu, sai aka mai da shi na mako-mako tun daga Janairu 1990, wani ɗan barkwanci mai suna Bob Saget ya na gabatarwa, wanda hotonsa ya zo na ɗaya kuwa a ba shi dala 10,000.

Asalin dabarar daga Japan ta fito, domin tun 1986 gidan talabijin na TBS ya keɓe wani sashe cikin shirinsa na ban dariya don hotunan masu kallo. Cikin 1990 Ingila ta soma nata a gidan ITV, mai suna You've Been Framed, inda aka riƙa biyan fam 250 ga kowane hoton da aka nuna, Faransa kuma ta soma Vidéo Gag a gidan TF1. Abin da ya kawo wannan duka shi ne ƙaramar na'urar ɗaukar hoto wadda mutum ɗaya ke iya riƙewa. Kamfanin Sony ya fito da irinta cikin 1983, ya ƙara fito da wata ƙarama mai suna Handycam cikin 1985, har ta zama kayan gida wajen masu hali.

To, wannan na'ura ta iso Kano, amma ta bi wata hanya dabam. Nufinmu cikin wannan takarda mu bi sawun dariyar mutanen birni, musamman unguwannin Gwale, irin su Mandawari da Galadanci da Diso da Dandago da Gyaranya, mu ga ƙa'idodin da ta ke tafiya a kansu tun dā, da abin da ya same su sa'ad da hoto ya shigo.

Sai mu fara da gini, domin shi ne tushen maganar. Gidan Bakano na cikin birni ya na da zaure, bayansa ƙofar gida, sa'an nan shigifa, kana cikin gida. Baligi baƙo iyakarsa zaure, in an girmama shi ƙwarai a kai shi shigifa. Abin da ya auku daga nan zuwa ciki, ko na kuka ko na dariya, na mutanen gida ne, kuma ɓoye shi shi a ke kira rufin asiri. Shirin Amurka kuwa an gina shi ne bisa mai gida ya buɗe ɗakinsa da hannunsa ya ce wa duniya ta leƙo. Mai karatu ya ga inda al'adun biyu suka rabu.

Kada a zaci wai Kanawa ba su san dariya ba. Sun san ta, har sun yi mata sarauta da sana'a. A fada akwai wawan sarki, wanda a ke ƙyale shi ya faɗi abin da babban bafada ba shi da bakin faɗa. A kasuwa da wuraren biki akwai 'yan kama, masu ɗaukar karatun malamai da waƙoƙin makaɗa su juye su su koma zancen tuwo da nama, akwai kuma 'yan gambara da ba'arsu. Tsakanin jama'a akwai wasan barkwanci: Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa, jika da kakansa, da taubasai, watau ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda har kuɗin shara su kan karɓa a watan Cika-ciki. Duk abin da abokin wasa ya faɗa maka, ba ka da ikon fushi, amma kai ma ka na da ikon ramawa.

Mafi girman dandalin dariya a birni shi ne tashe. Daga goma ga watan azumi, bayan an sha ruwa, yara su kan bi gida gida su na kwaikwayon manya. Wani ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wani ya zama malamin da aka kama ya na rawa, 'yan mata su kwaikwayi zaman aure da kishi, a yi dariya a ba su hatsi ko kuɗi. Na manya kuwa shi ne na Nalako, Sarkin Gwagware, wanda ya kan bi unguwa unguwa da jama'arsa ya kamo gwauraye, a ɗaura musu igiya, a zaga da su har ƙofar fadar Sarki.

In an duba waɗannan wasanni duka za a ga sharaɗi uku. Na fari, akwai lokaci da wuri, domin ba a tashe a watan Safar, kuma Nalako ba ya kama kowa bayan salla. Na biyu, akwai izini, ko na dangantaka ko na sarauta ko na sana'a, an san wanda ya ke da ikon yi wa wani ba'a. Na uku, abin ya kan wuce. Gwauron da aka ja da igiya da dare ya kan fito kasuwa da safe da mutuncinsa, in ya yi aure kuma magana ta mutu.

Da talabijin ya zo, dariya ta shiga cikinsa da waɗannan sharuɗɗa. An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, na Kaduna cikin 1962, sa'an nan Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano cikin 1982, wanda daga baya aka sa wa sunansa. Abin da ya ba mutanen Arewa dariya a waɗannan gidaje wasan kwaikwayo ne. Usman Baba Pategi ya fito a Samanja ya na kwaikwayon soja da Hausarsu ta bariki, Ƙasimu Yero ya yi suna a Kaduna, 'yan wasan Kano su ma suka yi nasu. Wanda a ke yi wa dariya ɗan wasa ne da ya ɗauki suna na aro, in an gama ya tuɓe kayan ya koma gidansa.

Na'urar bidiyo ma da ta yawaita, bukukuwa da naɗin sarauta da wa'azi aka fi ɗauka da ita, kaset ɗin biki kuwa a kan ajiye shi ne don dangi. Samarin ƙungiyoyin wasa su suka mai da ita sana'a. Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya, wanda a ke lissafa shi farkon fim ɗin Hausa na bidiyo da aka sayar a Kano. Salisu Galadanci ne ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari kuma ya na cikin manyan 'yan wasan, sunayen nan biyu duka na unguwannin Gwale ne. Watau a shekarar da Turawa suka juya na'urar ta kalli iyalinsu, a ita Kanawa suka juya ta ta kalli 'yan wasa. Daga wannan sana'a Rabilu Musa Ibro ya fito, wanda ya riƙe kambun ban dariya har rasuwarsa cikin Disamba 2014. Tun 2001 kuma Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai, aka sami mai tsaron ƙofa.

Su ma shirye-shiryen Turawa, duk da buɗe gida da su ke yi, sun riƙe sharaɗin izini. Mai hoto shi ke aikowa da kansa, a kan nemi sa hannun waɗanda suka fito ciki, kuma akwai ma'aikata masu tacewa kafin a nuna.

Wayar hannu ce ta zo ta sāke al'amarin. Ta shigo Nijeriya cikin 2001, ba da daɗewa ba aka sami mai ɗaukar hoto, aka buɗe YouTube cikin 2005, daga baya Facebook da WhatsApp da TikTok suka game gari. Kowane yaro ya zama mai ɗauka, mai tacewa, mai watsawa. Na'urar da a dā sai an yi sallama a zaure kafin a shigo da ita, yanzu ta na aljihun ɗan gida. Dattijo ya yi tuntuɓe a bakin masallaci, ko baƙauye ya yi kuskuren magana a Kurmi, ko mai taɓin hankali ya yi abin da ya saba, kafin magariba mutanen Jidda da Landan sun gani. Babu watan da aka keɓe, mai ɗauka ba taubashinsa ba ne, kuma hoton ba ya mutuwa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to, hoto ya fi ta wuyar mayarwa.

Mai ban dariya shi ma ya rasa inuwar da ya ke fakewa. Cikin Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa waɗansu samari biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu kwana 30, saboda hoton ba'a da suka yi wa Gwamna Abdullahi Umar Ganduje a TikTok. Wawan sarki ya na da sarautar da ta ba shi baki, waɗannan kuwa ba su da ita. Sai dai a lura, mai mulki ya na da kotun da zai dogara gare ta, talakan da aka watsa faɗuwarsa kuwa galibi sai haƙuri.

Saboda haka aikin da ke gaban ɗaliban Hausa kashi biyu ne. Ɗaya, a bi dattawan Gwale da sauran unguwanni a rubuta ƙa'idodin tashe da barkwanci daga bakinsu tun su na da rai, a kuma nemi tsofaffin kaset na gidajen talabijin a adana kafin zafi da ƙura su cinye su. Ɗaya kuma, a koya wa yara a gida da makaranta tambayar da kakanninsu ba su bukaci a koya musu ba: wannan da za ka ɗauka, abokin wasanka ne, ya kuwa yarda? Allah ya rufa mana asiri, amin.