Shago a Gaba, Gida a Baya: Tarihin da Ke Jikin Bango a Wurno, Rabah da Goronyo

A wannan makon za mu duba wani irin gini da muke wucewa kullum ba mu ɗaga kai: tsohon gidan da shago ke bakin hanya, iyali kuma na ciki ko a saman bene. Wanda ya san Wurno, Rabah ko Goronyo ya san irinsa a layin kasuwa. Yau ana ta gyara su, kuma yadda ake gyaran ne zai nuna ko jikokinmu za su tarar da tarihin da ke jikinsu.

Haɗa mazauni da wurin ciniki ya girmi zuwan Turawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da Wurno ribaɗi, a can ya rasu a 1837, kabarinsa ma na can. Bajamushen nan Barth ya sauka a garin a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A lokacin, idan falke ya iso gari, gidan fatoma yake sauka. Nan zai kwana, nan zai ajiye kaya, fatoman ne kuma zai nemo masa mai saye ya karɓi la'ada. Zaure shi ne shagon farko. Masaƙi da baduku da maɗinki duk a ƙofar gida suke aiki, matan gida kuma na ɗora wa yara talla daga ciki.

Sai zamanin kanti, kalmar da muka aro daga Turanci. A 1885 Joseph Thomson ya iso Wurno da takardar yarjejeniyar ciniki a madadin kamfanin George Goldie. Wannan kamfani ne ya rikiɗe har ya shige cikin UAC a 1929, wanda Hausawa suka riƙa kira Gidan Goldi. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda ta Gusau a 1929. Daga nan gyaɗa da auduga da fatar jar akuya ta Sakkwato suka kama hanyar tasha, atamfa da kananzir da kwanon rufi suka biyo hanyar dawowa. A Kano 'yan Siriya da Labanan suka gina kantuna haɗe da mazauni a Fagge, inda Kantin Kwari ya samo sunansa. Hatta Sir Ahmadu Bello, ɗan Rabah wanda ya zama Sarkin Rabah a 1934, Gusau aka mayar da shi a 1938, garin da dogo ya cika da kantuna. Abin da attajiran ƙananan garuruwa suka gani a irin waɗannan wurare shi suka kawo gida: suka faɗaɗa ƙofar zaure, suka sa ƙyaure mai ƙarfe, suka kafa kanta, amma bangon ya ci gaba da zama na tubali, rufin na azara.

Mataki na uku ya zo da ruwa. An kammala madatsar Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, noman rani ya ƙara ƙarfi. Shagon da a da ake auna atamfa ya koma sito na albasa, tafarnuwa, shinkafa da taki. Ke nan bango ɗaya na iya ɗauke da zamani uku.

To, ina matsalar gyara? Da yawa sukan shafe bangon ƙasa da siminti don ya yi kyan gani. Ƙasa tana shan laima tana fitarwa, siminti kuwa yana tsare ta a ciki. Bangon sai ya riƙa ruɓewa a ɓoye, ran da damina ta yi nauyi siminti ya ɓamɓare da ƙasar gaba ɗaya. Magina na gargajiya sun san maganin: yaɓe da makuba, sauya azarar da gara ta ci, da kula da indararo don ruwa ya faɗi nesa da gindin bango. Gyara irin wannan ba mafarki ba ne. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, an mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu a 2018, aikin Mariam Kamara da Yasaman Esmaili tare da maginan yankin. Tsohon birnin Agadas kuma ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013, mutane na zaune suna ciniki a cikinsa.

Lokaci ba ya jiran mu. Ambaliyar 2010 ta rusa gidajen ƙasa masu yawa a gefen Rima, rashin tsaro kuma ya sa wasu iyalai sun kulle ƙofa sun tafi. Gidan ƙasa da ba a kwana cikinsa damina kaɗan ke gamawa da shi.

Aikinmu a nan a fili yake. Kowa ya zaɓi shago ɗaya a garinsu, ya nemi izinin masu shi, ya zauna da dattijon gidan. Wa ya gina? Wane magini? Me aka fara sayarwa? Yaushe aka sa kwano? Ina tsohon littafin bashi? Mu rubuta abin da aka faɗa mana yadda aka faɗa, mu bambanta abin da muka gani da abin da muka ji. Mai gajeren labari zai sami dandali na gaske, mai tarihi zai sami hujja. Allah Ya ba yankinmu zaman lafiya, Ya sa albarka a alƙalumanmu.