Tarihin Tiransimita Tafi-da-Gidanka a Fagen Yaƙi

Tiransimita ita ce na'urar da take ɗaukar muryar mai magana ta tura ta eriya, daga nan ta bi iska zuwa akwatunan rediyon jama'a. Tafi-da-gidanka kuwa ita ce wadda za a iya kwancewa a ɗora wa mota, ko alfadari, ko kafaɗar mutum, a sake kafa ta a wani wuri kafin gari ya waye. Buƙatarta ta taso ne daga wani aibu da rediyo yake da shi tun asali: duk tashar da ta buɗe baki ta tona inda take. Abokin gaba yana da na'urar gano ɓangaren da sauti yake fitowa, in ya auna daga wurare biyu ko uku ya ja layi a taswira, inda layukan suka haɗu nan zai aika jirgin sama. Dogon ƙarfen gidan rediyon gwamnati ba ya gudu, shi ya sa masu juyin mulki da mayaƙa suke fara yi masa dirar mikiya.

A Yaƙin Duniya na Biyu injinan watsa shiri suna aiki ne da ƙwayayen gilashi masu zafi da saurin fashewa, ga cin wuta. Duk da haka, a 1943 wani ma'abocin rediyo ɗan ƙasar Foland, Antoni Zębik, ya harhaɗa wata ƙarama a ɓoye. Aka raɗa mata suna Błyskawica, wato walƙiya. Ta fara magana ranar 8 ga Agusta 1944, mako guda da fara boren birnin Waso a kan sojojin Jamus, da harshen ƙasar da kuma Ingilishi. Aka riƙa ɗauke ta daga wannan gini zuwa wancan saboda ruwan bama-bamai, har zuwa farkon Oktoba da boren ya mutu, masu ita suka farfasa ta da hannunsu.

Zamanin yaƙe-yaƙen neman 'yanci ne ya ba wannan na'ura kasuwa, domin a lokacin ne ƙaramin akwatin rediyo mai batir ya fara shiga ƙauyuka. Ranar 16 ga Disamba 1956 ƙungiyar FLN ta Aljeriya ta fara watsa shiri daga bayan wata babbar mota da take yawo a yankin iyakar Maroko. Faransa ta riƙa cusa ƙara a kan zangon, ta kuma sa takunkumi a kan sayar da akwatunan rediyo da batir. Marubuci Frantz Fanon ya ware babi guda a kan wannan rediyo a littafinsa na 1959. A Kyuba kuma, Che Guevara ya kafa Radio Rebelde a tsaunukan Sierra Maestra, ta fara aiki ranar 24 ga Fabrairu 1958 a gajeren zango.

Nijeriya ma tana da nata kason, a yaƙin basasar Biyafara. Da Inugu ta faɗa hannun sojojin tarayya a Oktoba 1967, Rediyon Biyafara bai yi shiru ba. An kwashe kayan aikin an yi gaba da su, wani lokaci a ɗaure a bayan mota, masu shela irin su Okokon Ndem suna ci gaba da magana kamar ba abin da ya faru. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da tashar ta zauna a Umuahiya yana nan a cikin gidan tarihin yaƙi na garin. Umuahiya ta faɗi a Afrilu 1969, aka sake ƙaura. Ƙasar tana tsukewa wata bayan wata, muryar tana nan da ƙarfinta, kuma wannan ya sa mutane da yawa a ciki da waje suka ɗauka Biyafara ta fi yadda take ƙarfi. Ta wannan rediyon ne jagoran Biyafara na lokacin, Philip Effiong, ya sanar da ajiye makamai ranar 12 ga Janairu 1970.

Babu labarin da ya nuna darajar wannan na'ura a idon mayaƙa kamar na Radio Venceremos a El Salvador. 'Yan tawayen FMLN suka buɗe ta ranar 10 ga Janairu 1981 a duwatsun lardin Morazán, da wata tsohuwar tiransimita ƙirar Amurka da janareta, babban mai shelarta kuwa wani ɗan Benezuwela ne, Carlos Henríquez Consalvi, da aka fi sani da Santiago. Ita ce ta fara baza labarin kisan kiyashin ƙauyen El Mozote na Disamba 1981, inda bataliyar Atlacatl ta hallaka ɗaruruwan fararen hula. Kwamandan bataliyar, Domingo Monterrosa, ya ƙwallafa rai sai ya kama tashar. A Oktoba 1984 'yan tawayen suka yi kamar an fi ƙarfinsu kusa da Joateca, suka gudu suka bar wata tiransimita, suka kuma daina watsa shiri don tarkon ya kama. Cikinta bam ne. Monterrosa ya sa aka loda ganimar a jirginsa mai saukar ungulu ranar 23 ga watan, jirgin ya tashi ya tarwatse da shi da manyan hafsoshin da ke tare da shi. Tashar ta koma aiki, ita ta yi wa ƙasa shelar abin da ya faru. Bayan sulhun 1992 aka ba ta lasisi.

Masu ba da wannan tarihi sukan so su tsaya a kan jarumta, amma injin ba ya zaɓen abin da za a faɗa ta cikinsa. A Ruwanda, tashar RTLM da aka buɗe a 1993 ta riƙa karanto sunayen 'yan ƙabilar Tutsi da wuraren da suka ɓuya lokacin kisan ƙare-dangi na 1994. Da aka yi wa ɗakin watsa shirinta na Kigali luguden wuta, sai ta koma kan tiransimitar mota ta ci gaba. Amurka tana da jiragen da za su iya toshe zangon, ta ƙi, tana kafa hujja da tsada da dokokin ƙasa da ƙasa. A 2003 kotun duniya da ke Arusha ta samu Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tashar, da laifi.

Manyan rundunoni sun bi wata hanyar: Amurka ta mayar da jirgin EC-130 gidan rediyo mai shawagi, ta yi amfani da shi a Yaƙin Tekun Fasha na 1991 da Afganistan a 2001, inda daga baya sojojinta suka riƙa kafa ƙananan tashoshin FM a sansanoni suna raba wa ƙauyawa rediyon da ake murɗawa da hannu.

A yaƙin Siriya girman na'urar ya ragu har ya kai na kwalin takalmi. Ƙungiyar MiCT ta birnin Balin ta ƙera Pocket FM, wadda ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi take sarrafawa. Batirin mota ko farantin sola ya ishe ta, tana karɓar shiri ta tauraron ɗan'adam ko intanet, ta watsa shi kilomita kaɗan a kewayenta. Dabarar ita ce a baza su da yawa, a kafa a bar wurin, ta yadda in an jefa bam ƙarfe kawai zai samu. Mai shela dai bai tsira ba: Raed Fares, wanda ya kafa Radio Fresh a garin Kafranbel, 'yan bindiga suka harbe shi cikin motarsa ranar 23 ga Nuwamba 2018, tare da abokin aikinsa Hamoud Jneed.