Kaduna ta Arewa: Ƙasa, Iyakoki da Tarihin Mulki

Kaduna ta Arewa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna, hedikwatarta tana Doka. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 72 ba, amma ƙidayar 2006 ta samu mutane fiye da dubu 350 a cikinta. Kogin Kaduna, wanda ya taso daga tsaunukan Jos yana neman Kogin Neja, shi ya kewaye ta ta gabas da kudu. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai 'yan tuddai, damina kuma takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba.

Kafin zuwan Turawa, ƙauyukan Gbagyi ne a wurin, a kudancin ƙasar Zazzau. Jirgin ƙasa ne ya jawo birnin. Da layin dogo daga Legas zuwa Kano ya ƙetare kogin, Gwamna Lugga ya ga wuri mai ruwa, kuma nesa da fadar kowane babban sarki, sai ya sa aka fara kwaso sojoji daga Zungeru a 1913. A 1917 hedikwatar Arewa ta dawo gaba ɗaya. Bariki da ofisoshi da gidajen Turawa aka zuba su a arewacin kogin, tashar jirgi tana kudu, inda daga baya masaƙun Kakuri suka tashi.

Tsarin wancan zamani har yau yana nan a ƙasa. Wanda ya ratsa Doka zai ga tituna a miƙe kamar an ja su da zare, da sunayen garuruwa: Titin Kano, Titin Katsina, Titin Legas, Titin Ibadan, shaguna a jere, 'yan tireda sun cinye bakin hanya. Can gabas kuwa filaye ne masu faɗi da manyan itatuwa, inda Zauren Lugga yake, mazaunin Majalisar Dokokin jiha a yau. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, da Masallacin Sultan Bello na Unguwar Sarki duk suna wannan ɓangare.

A 1956 aka cire garin daga hannun En'e ta Zazzau, ya zama yankin babban birni mai cin gashin kansa. Da aka rushe Jihar Arewa a 1967, ya zama hedikwatar Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa lardunan Zariya da Katsina. An sauya mata suna zuwa Kaduna a 1976, Katsina ta fita a 1987. Bayan nan aka raba ƙaramar hukumar birnin biyu, Arewa da Kudu.

A nan ne baƙo yake ruɗewa, domin masu jan iyaka ba su bi kogi ba. Tudun Wada, Tudun Nupawa, Badikko da Unguwar Sanusi duk a arewacin ruwa suke, amma a takarda 'yan Kaduna ta Kudu ne, hedikwatarsu tana Makera, sai sun haye gada. Rigasa, duk da ɗimbin jama'arta, tana ƙarƙashin Igabi, wadda hedikwatarta take Turunku. Ke nan ƙananan hukumomi uku ke riƙe da arewacin birni ɗaya, kuma ba kullum ake samun wanda zai ce kwalbatin bakin iyaka nasa ne ba.

Kaduna ta Arewa kanta mazaɓu 12 gare ta, ciki har da Shaba, Gaji, Maiburji, Kabala, Badarawa, Unguwar Dosa, Hayin Banki da Kawo. Kujeru biyu take da su a Majalisar Dokokin jiha, Kawo da Doka/Gabasawa, a Majalisar Dattawa kuma tana cikin Kaduna ta Tsakiya.

Iyakar da mutane suka fi sani kuwa ba hukuma ce ta ja ta ba. Bayan rikicin shari'a na 2000 da rikicin gasar sarauniyar kyau na 2002, Musulmi da yawa suka tattaro zuwa arewacin kogi, Kiristoci da yawa suka koma Sabon Tasha, Narayi da Barnawa a kudancinsa. Kasuwar Shehu Abubakar Gumi da sakatariyar jiha ne suka ci gaba da haɗa ɓangarorin biyu, kowace safiya gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello a cike take da masu shigowa aiki.