Dogon hutu: Shafukan intanet da shirye-shiryen da za su riƙe wa yara karatu

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa Satumba makarantun firamare da na sakandare a Najeriya kan kasance a rufe, hutun da ke faɗowa a tsakiyar damina. Malaman ƙananan azuzuwa sun san abin da kan biyo baya: yaron da ya tafi hutu yana haɗa baƙi sumul, sai ya dawo yana tuntuɓe a kan layin da ya saba karantawa. Ba kowane magidanci ke da kuɗin lesin ba, kuma a gidaje da yawa waya ɗaya ce, ta uba ko ta uwa. Saboda haka shafin da ya fi amfani shi ne na kyauta, wanda za a sauke abin da ke cikinsa sau ɗaya a ci gaba da karantawa ko babu data, musamman idan akwai Hausa a ciki.

A wannan ma'auni African Storybook ne kan gaba. Cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ce ta buɗe shafin a 2014, kuma yana ɗauke da littattafan labarai masu hotuna cikin harsunan Afirka da dama, har da Hausa. An kasa littattafan mataki biyar, daga masu kalmomi ɗai-ɗai zuwa waɗanda babba zai karanta wa yaro. Ana iya sauke littafi a waya, ko a kai shagon kwamfuta a buga shi a takarda, wanda ya fi, domin takarda ba ta jiran wutar lantarki kuma ba a kiran mai ita daga kasuwa. Sai dai hannaye da yawa ne suka yi fassarar, don haka Hausar wani littafin ta fi ta wani. Yana da kyau babba ya fara dubawa.

StoryWeaver, na kamfanin Pratham Books na Indiya da aka buɗe a 2015, da Bloom Library na ƙungiyar SIL, su ma suna da littattafan Hausa kyauta. Manhajar Bloom Reader tana buɗe littafin da aka riga aka sauke ba tare da intanet ba.

Ga wanda ke son abin da ya bi manhajar karatun makaranta, akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Darussansa sun shafi firamare da sakandare, da Turanci da kuma Hausa, Yarabanci da Ibo. Khan Academy ya fi shi zurfi a lissafi da kimiyya, amma da Turanci yake, don haka ya fi dacewa da ɗan sakandare. Ƙaninsa, Khan Academy Kids, na yara ne 'yan shekara 2 zuwa 8, kyauta ne kuma babu talla.

A ɓangaren kallo, kamfanin Ubongo na Tanzaniya yana da Akili and Me na ƙanana masu koyon ƙirga da haruffa, wanda aka juya zuwa Hausa, da Ubongo Kids na lissafi da kimiyya. Yaran da ke ciki 'yan Afirka ne, ba ƙaramin abu ba ne kuwa yaro ya ga irinsa a allo yana warware lissafi. Yaron da ya kai shekara 8 kuma yana da kwamfuta a gida zai iya gwada Scratch na jami'ar MIT ta Amurka, inda zai ƙirƙiri wasa ko labari mai motsi da kansa maimakon zuba ido kawai.

Duk wannan bai kore littattafan gida ba. Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda suka fito tun shekarun 1930, har yanzu suna kama hankalin ɗan aji biyar, musamman idan aka sa shi ya karanta wa ƙannensa labari guda bayan sallar isha'i.

YouTube na manya ba wurin sakin yaro ba ne, domin bidiyo ɗaya kan ja wani har a ɓulle inda ba a nufa ba. YouTube Kids yana tace abin da ake nunawa, ko da yake tacewar ba cikakkiya ba ce, kuma yana da agogon da ke rufe manhajar idan lokacin da aka ɗiba ya cika. A wayoyin Android, manhajar Family Link ta Google tana bai wa iyaye damar ƙayyade sa'o'in amfani da hana sauke wata manhaja sai da izininsu.